Bayan Nomau

Asuba ta iske mu bakin kurmi, bayan Zuru,
takalma sun sha raɓa.
Nomau ya rataye bindiga tun bara waccan,
yanzu yatsa kawai yake ɗagawa.

"Daji ba ya son mai tari."

Ƙarƙashin ɗinya da kanya
hantsi ya rasa ƙofa.
Ya tsuguna: sawun gada a laka,
ɗanye, ruwa bai gama taruwa ciki ba.

Don gwanki na ɗauko kyamara.
Na tashi da wutsiyar biri,
kukan burtu can nesa,
cinnaka uku a ƙwauri.

Muna gangarowa na ce, yau ba mu ga komai ba.
Nomau ya fasa goro, ya miƙo min rabi.

"Su dai sun gan ka."