Kafiretar Nibaldo

Shekara bakwai babur ɗin Nibaldo
yana jingine a rumbun dankali,
kaji na saka ƙwai a kan sirdinsa,
ruwan Chiloé na dukan kwano ba dare ba rana.
Ran da na buɗe tanki wari ya tare ni,
ba na fetur ba, na fentin da ya ruɓe.

Kafireta biyu ne, tagwaye.
Na kwanto su na baje a teburin kicin
bisa tsohuwar jarida, gefen murhun itace.
Inna ta ce, "Eliana, a nan fa muke cin abinci."
Na ce, "Shi ma a nan yake kwance su."
Ta sunkuya ta ci gaba da fira.

Noti huɗu, ɗaya ya yi taurin kai,
sai da lallashi, da ɗigon mai, da ɗan duka.
Ƙoƙon ƙasa ya buɗe:
fetur ya koma danƙo,
ja-ja kamar zumar da aka manta a kwalba,
ya kama allura ya riƙe gam.
Ashe zama ma ciwo ne.

Na jiƙa su a kananzir har shayina ya huce sau biyu,
na bi lungu-lungu da buroshin haƙori.
Jeti kuwa, 'yar tagulla, ba ta kai ƙwayar masara ba,
kafarta ta fi ta allura ƙanƙanta.
Na zare sili ɗaya daga wayar rediyo,
na zura, na hura,
na ɗaga ta saitin taga, ido ɗaya a rufe.
Duhu.
Na sake. Duhu.
A karo na biyar sai ga ɗigon haske
kamar fitilar kwalekwale can tsakiyar teku
da ba ka san ko tafiya take ko dawowa ba.

Sifirin ya tsalle ya shige ƙarƙashin murhu.
Inna ce ta sharo shi da tsintsiya,
ta ajiye min ba ta ce uffan ba.

Da yamma na mayar da komai mazauninsa.
Na ja cok, na buga kik.
Shiru. Na buga har goma.
A na sha ɗaya ya yi tari, ya yi kaki,
ya kama,
shuɗin hayaƙi ya cika rumbu, kaji suka watse.

Inna ta fito da wuƙa a hannu,
ɓawon dankali na lilo a bakinta.
Ba ni ta kalla ba, ba babur ba.
Hanya ta kalla,
wadda ta gangara zuwa bakin ruwa.