Gurbin da Babu a Fom

Fom ya tambaye ni:
awa nawa kika yi kina aikin sa kai a asibiti?
Na ajiye biro, na leƙa taga.
A Naujaat ba mu da asibiti.
Ɗakin shan magani ne, da nas biyu
da ake sauyawa tun kafin harshensu ya iya sunayenmu.

Ina da shekara tara na fara tsayawa
tsakanin bakin kakata Panikpak da kunnen nas,
ina ɗauko ciwo daga Inuktitut, in sauke shi a Turanci,
ina lallaɓa shi kamar ƙwai a cokali.
"Ce mata ƙirjina ne, kamar an ɗora mini dutse."
Na faɗa.
"Ce mata sai an kai ta Winnipeg."
Wannan kam na riƙe shi a baki har muka isa gida.
Ba wanda ya ƙirga awannin nan.
Ba hatimi, ba sa hannu.

Fom ya ce: kimiyyar sinadarai, ajin ƙarshe.
Malaminmu ya tafi hutun Kirsimeti,
har yau muna jiran sa.
A waya na koya, cikin dare,
intanet na zuwa yana ɗaukewa kamar numfashin mai asma.
Amma zuciya, tuni na riƙe ta a tafin hannu,
da ɗuminta, tana tururi a kan ƙanƙara,
ranar da kawu Tulugak ya feɗe karen teku
ya ce: duba, ɗaki huɗu, ta nan jini ke shiga.

Jarrabawa a kudu ake yin ta.
Babu titin da ya fita garinmu, sai jirgi.
Kujera ɗaya ta cinye babur ɗin ƙanƙarar kawu.
Ya ce dama ya gaji da shi.
Ƙarya yake.
Ranar tafiya guguwa ta rufe filin jirgi,
kwana uku ina zaune a kan jakata.
Kwamfuta ta rubuta: ba ta halarta ba.

Shekara ta zagayo. Suka ce,
kawo shaidar cewa ke ɗiyar ƙasar nan ce.
Na tuna 'yar faifan nan mai lamba
da gwamnati ta taɓa rataya wa kakata a wuya
don sunanta ya yi musu nauyin rubutawa.
Tana nan cikin gwangwanin shayi.
Ban aika ba.

Ranar ganawa, mutum uku, tebur mai sheƙi,
ruwa a kofin roba.
"Faɗa mana, da me kika fi sauran?"
A gidanmu yabon kai jahilci ne,
maharbin kirki nama yake rabawa, ba labari ba.
"Kina ganin za ki iya?"
Na ɗaga gira.
A wurinmu wannan "e" ce cikakkiya,
ba ta buƙatar ƙari.
Suka ci gaba da jira.
Na tsakiyan ya sunkuya ya rubuta wani abu.

A Winnipeg Panikpak ta rasu,
hawa na biyar, ɗaki mai tsabta ƙal.
An ce da asuba ta yi ta maimaita kalma ɗaya.
Nas mai kirki ta rubuta mini ita yadda ta ji.
Na karanta.
Ruwa take nema.

Yau ga ni kuma gaban fom, karo na uku.
Kawu na gyaran raga a bakin ƙofa,
bai tambaye ni komai ba.
A gurbin awanni na rubuta:
shekara goma sha huɗu, da kaka ɗaya.
Gurbin ya yi ja.
Wai lamba kawai yake karɓa.

To.
Na jawo takarda, na fara lissafi.