Harafin da Ba Ya Magana

Ranar da aka tare motar riɗi a shingen Gagarawa
ni na rubuta takardar kaya.
Buhu ɗari da arba'in, babu ragi,
sikelina bai taɓa cin amanar kowa ba.
Alƙalamina ne ya ja mana kwanan hanya.

Mai kayan mutumin Koriya ne,
siriri, mai cin barkono kamar ɗan gida.
Da na tambayi sunansa sai ya ce Bak,
gajere, kamar an rufe murfin kwano.
Yara suka ɗaura masa wutsiya, ya zama Baƙo,
ya kuwa amsa.
Ni dai abin da kunnena ya ji na rubuta.

Jami'i ya buɗe fasfo, ya dubi takardata,
ya ce wannan mutum daban, wancan daban.
A fasfo P ce a gaba,
ga wata R a tsakiya
ta yi ɗare-ɗare kamar da ita aka raba gado,
alhali tunda aka haife shi ba ta taɓa cewa uffan ba.

Muka koma teburin mai shayi muna jiran waya,
ni da guntun Turancina, shi da guntuwar Hausarsa.
Ya share ƙasa da tafin hannu,
ya ɗauki tsinke ya zana sunan
yadda uwarsa ta koya masa:
guga mai kunne biyu,
mutum a tsaye ya miƙa hannu ɗaya,
fartanya a ƙarƙashi tana ɗauke da su.
Ya ce a gida ɗaki ɗaya muke kwana,
sai za a fita waje ake raba mu.
Takardar mahaifinsa Pak, babu R.
Ta 'yarsa Bak, wai sabon tsari.
A wani filin jirgi an taɓa tsayar da shi
yana nuna hanci, yana nuna goshi,
don a yarda yarinyar da ke barci a kafaɗarsa tasa ce.

Dariya ta kuɓuce mini, ba ta mugunta ba.
Na zazzage aljihu a kan benci.
Ɗayyabu aka raɗa mini, da rago, da shaidu.
Makaranta ta karya ƙugiyar, na zama Dayyabu.
Banki ya ce Tayyib ya fi kyau.
Yaron da ya buga katin ɗan ƙasa yana cin gyaɗa,
ya sako mini wata H da ban san danginta ba.
Shekarar da na sayar da bijimi don zuwa Makka
sai da na je kotu a Gumel
na biya kuɗi, na rantse cewa ni ne ni.
Kafin hatimi ya bushe jirgi ya tashi.

Na karɓi tsinken na zana masa Ɗ,
na nuna masa ɗan lanƙwasan da ke kanta.
Na ce na'urarsu ba ta da wurin rataye wannan.
In ta cire shi, baƙi ya koma baki,
ƙasa ta koma kasa.
Ya gwada furtawa, harshensa ya zame,
ya sake, mai shayi ya ce saura kaɗan.
Ni ma na gwada tasa, tsakanin P da B,
ya girgiza kai yana murmushi.

Da asuba na sake takardar.
Na ba R wurinta
yadda ake matsa wa kurma a sahu.
Jami'i ya ƙirga haruffa huɗu, ya ɗaga sanda.

Direba na dumama inji, na waiwaya.
Wata kaza na tsattsagar riɗin da ya zube,
ta bi ta kan gugansa, ta bi ta kan ƙugiyata.
Fartanyar ce kawai ta rage,
har almuru tana nan, in ji mai shayi.