Baƙuwar Bayan Randa

A buhun taki aka kawo ta,
ranar Lahadi, daga kasuwar Gujungu,
ɗaure a bayan keken Isiyaku,
ita da kwalbar manja da dutsen tocila.
Ya ce, "Ɓeraye sun gama da riɗinmu,
ga maganinsu."
Ya kwance bakin buhu.
Maganin ya fito a guje
ya shige bayan randa.

Kwana uku ba mu ga jikinta ba,
sai idanu biyu cikin sanyin laka
suna ƙirga ƙafafun masu ɗiban ruwa.
Moɗa ta faɗi, su mutu kamar fitila.
Taɓarya ta sauka a turmi, su mutu.
In jakin Na'iya ya wage baki ta bayan danga
sai mu ce shi ke nan, ta bar garin.

Ɗanliti ya zo da kara zai zungure ta.
Goggo Tabawa ta kama ɗaya bakin karan:
"Kai da aka kai ka firamare,
kwana nawa ka yi rungume da darbejiya?
Bar ta.
Baƙo ba a jan sa ta wuya.
Ajiye masa ake yi, a kau da kai."

To, muka koyi kau da kai.
Na zuba kindirmo a sakaina,
na tura da ƙafa ina kallon kaji.
Da safe sakaina fes,
sai ka ce da toka aka wanke.
Muka koyi ɗiban ruwa ba ƙara,
muka koyi tura ƙyaure kamar na ɗakin mai jego.
Har Isiyaku, mai tari kamar injin niƙa,
ya mayar da tarinsa zaure.

Amma ba ni ta zaɓa ba,
ni da nake rage nonon furata saboda ita.
Atine ta zaɓa.
Atinen da magana ke sarƙe wa a maƙogwaro,
wadda in baƙi sun yi sallama
sai dai a nemo ta bayan zanena.
Ita ta jawo tabarma gefen randa
tana ɓarar gyaɗar iri.
Ba ta kira ba, ba ta miƙa hannu ba.
Ɓawo nan, ƙwaya nan,
har inuwa ta haura katanga.

Rana ta biyar, ina tankaɗe,
na ga ƙafa ɗaya ta fito, fara,
ta taɓa ƙasa kamar mai gwada zurfin rafi,
ta koma.
Ta sake fitowa.
Sai kunne mai tsaga,
sai haƙarƙarin da za ka ƙirga daga bakin murhu.
Ta sansana ɓawon gyaɗa,
ta sansana babban yatsan Atine,
ta zauna, ta naɗe wutsiya,
kamar da ma can tabarmar gadonta ce.

Na tsaya da rariya a sama, gari na zuba a ƙafata.
Atine ba ta ɗago ba.
Sai na ji tana ba ta labari ƙasa-ƙasa,
na akuyarmu da ta haifi uku a daren ruwa,
tun daga farko har ƙarshe,
ko kalma ɗaya ba ta sarƙe ba.

Yau wata biyu.
Tana shan ruwan alwalar Goggo,
Goggo ta ce sauranta da tsarki.
Tana kwana a faifaina,
in na kore ta, ta koma kan hular Isiyaku.
Har yanzu in babur ya tsaya a ƙofar gida,
sai bayan randa.

Ɓera kuwa,
ko ɗaya.
Jiya dai ta kawo wutsiyar ƙadangare
ta dire gaban maigida, wutsiyar na ta rawa.
Ya dube ta, ya dubi rumbu,
ya ce, "Ashe kyanwar Lami na ɗauko."
Atine ta ce, "Ba ta Lami ba ce. Tawa ce."
Ya yi shiru.
Can ya gutsuro tsokar kifi daga miyarsa,
ya ajiye a ƙasa,
ya kau da kai.