Taga ta Huɗu

Shekara goma sha tara ina kan tirela,
Funtuwa zuwa Ikko, Ikko zuwa gida.
Na san kowane rami tsakanin Tegina da Makwa,
na ƙetare gadar Jabba da birki ɗaya, cikin ruwan Agusta,
ban taɓa take ko kazar wani ba.

Yau ga ni a Jidda, lamba ɗari biyu da sha ɗaya a hannu,
an zaunar da ni a benci, wai in koyi riƙon sitiyari.

Ustaz Tajussir, Basudane dogo kamar giginya,
ya dubi katina na gida, ya juya bayansa,
ya miƙo mini kamar mai mayar da kuɗin jabu.
Ya ce, "Ya Sallau, hanyarku ba ta biyo ka cikin jirgi ba."

A bencin nan duniya ce ta taru tana gumi:
Bamisire mai yawan rantsuwa,
'yan Fakistan uku da gwangwanin shayi guda,
sai Mizanur, ɗan Bangaladash mai raba burodi a keke,
wanda ya faɗi sau huɗu, ya biya sau huɗu,
albashin wata biyu ya narke a filin kwalta.

Sai ga wani da jar fuska da gajeren wando.
Bai zauna ba.
Ya nufi taga ta huɗu, ya ajiye katin ƙasarsu,
ya rufe ido ɗaya, ya karanta baƙaƙe a bango,
ya fita.
Shayin 'yan Fakistan ko hucewa bai yi ba.

Na juya rasit ɗin kuɗina, na soma ƙidaya a bayansa:
wa ya ci, wa ya faɗi, wane launin fasfo.
Ina so lissafin ya fito fes, in samu abin zagi.
Sai ga ɗan ƙasa, yaro mai sabon gashin baki,
ya fito yana share ido da bakin rawani,
ubansa na masa faɗa tun daga ƙofa.
Na rasa layin da zan sa shi.

Nawa faɗuwar kuwa?
Ajiye mota da baya, tsakanin robobi huɗu masu ruwan lemo.
'Yar mota kamar akwatin ashana!
Na zuge gilashi, na leƙa kai waje,
kunnena na jiran Ɗan'iya ya buga ƙarfe ya ce, "Taho, taho, ya isa!"
Babu yaron mota a Jidda.
Mai jarrabawa ya ja layi, bai ko ɗago ba.
Karo na biyu roba ta kwanta a hankali,
kamar ta gaji da tsayuwa.

Daren nan kafili ya kira: tankar ruwa ba za ta jira ni ba.

Ran na uku, rana ta take tsaka,
na sa giyar baya, na dubi madubi yadda aka koya mini.
Can cikin madubin, bayan shingen waya,
ga Mizanur da kekensa,
yana kaɗa yatsu kamar mai kiran akuya,
leɓensa na motsi da kalmar da na koya masa a benci.
Taho. Taho.
Ya ɗaga tafi.
Na tsaya.

An buga hatimi.

Yanzu ina kai ruwa unguwannin kudu,
katin yana aljihun gaba, hoton ya fi ni tsufa.
Kullum da hantsi, wajen shatale-talen kasuwa,
nakan wuce wani keke da burodi har bisa kai.
In yi masa ham sau biyu.
Ya ɗaga tafi, bai waiwayo ba.
Talata mai zuwa zai koma, karo na shida.

Rasit ɗin yana nan a maƙale jikin madubi.
Ban gama lissafin ba.