Ɗigo Ɗaya Ya Isa

Ranar Alhamis bayan la'asar
ba ma karɓar aiki a shagonmu na Ƙofar Taramniya.
Ko katin suna ne na gobe da safe,
Baba Haliru cewa yake, "A dawo.
Yau ƙarfe ka cin abincinai."

Sai in shimfiɗa tsohon zanen Inno a kan tebur,
in jera su kamar yara a bakin famfo:
babbar wuƙa mai doguwar ƙota,
almakashi uku, ɗaya ya girme ni,
sai mahudai, mai tauraro, mai jinjirin wata,
da mai ganyen nan da ke cijewa
duk sanda ya ga ina sauri.

Farko a zazzage musu ciki.
Ɓarɓashin sati guda ya zubo,
ja da kore da ruwan ƙwai,
taurarin bikin mutanen da ba mu je ba.
Sannan tsohon buroshin haƙori
ya bi lungu, ya bi saƙo,
inda ƙurar takarda ke kwana
ta haɗu da gam ta zama danƙo.

Idan baki ya dakushe,
takardar azurfa ta cikin kwalin shayi
nake ninkawa huɗu, in huda, in huda,
har sau goma sha biyu.
Idan gaɓa ce ta sage,
in goga kyandir a farar takarda
in ba shi ya tauna.
Man keken ɗinki kuwa, ɗigo ɗaya.
"Na biyun," in ji Baba,
"katin amarya ka shan shi, ba ƙarfe ba."

Ban yarda ba sai da na gani.
Wata bazara, zafi har fanka na hura wuta,
Hajiya Luba ta Mabera ta kawo kati ɗari uku.
Na tsallake Alhamis biyu,
na cusa wa wuƙa ashirin a inda take cin takwas.
Ba ta yanka ba, ta gutsura.
Gefen kowane kati ya fito
kamar ɓera ya riga baƙi zuwa walima.
Baba bai yi faɗa ba.
Ya shafa gefen da babban yatsa,
ya ƙirga kuɗin sabon kwali daga aljihunsa,
ya miƙo mini buroshi.
Da ma duka ya yi.

Ran nan na kwance wuƙar, na naɗe ta a buhu,
na kai wa Bagudu mai washi a bayan Tsohuwar Kasuwa.
Ya duba ta, ya dube ni.
"Wagga ba tsufa ta yi ba, ɗiyata,
wulaƙanci ta sha."

Da damina kuma tsatsa ce baƙuwarmu,
ba ta sallama.
Ƙullin shinkafa nake sa musu a akwati
ya shanye laima,
in rufe bakin almakashi kafin in rufe ƙofa,
don abin da ya kwana a buɗe
da lalle yake tashi.

Yanzu idon Baba ya yi hazo,
hannunsa na rawa ko kofi ya riƙe.
Yana zama kan benci, baya ga bango,
carbi a hannu, kunne a wurina.
In na sauke wuƙa ta ce shap,
sai ya ja ƙwaya ɗaya.
In ta ja numfashi kafin ta gama,
ko mahudi ya yi jinkirin ɗagowa,
ba ya juyowa.
"Saratu," kawai zai ce,
"yau wace rana?"

Ni kuwa na riga na miƙa hannu
wajen zanen Inno,
ko da Talata ce.