Taswira a Ƙofar Firji

Lurdes ba ta sake hawa jirgin sama ba
tun wanda ya sauke ta a Toronto tana shekara tara.
Ta yi amai a cinyar uwarta, ta rantse ita da sama har abada.
Ni kuwa shekara talatin da ɗaya
ina tuƙa jirgin titi a layi guda,
je ka ka dawo, kamar ƙoshiyar masaƙi.
Sai muka sayi taswirar duniya
muka manna a ƙofar firji.
Duk Alhamis ta rufe ido, ta dangwala yatsa.
In ya faɗa teku, a sake.

Haka muka je Habasha da ƙafa,
bayan shagon wanki, hawa na biyu.
Alemnesh ta shimfiɗa mana gurasa mai tsami, mai ido dubu,
ba cokali, ba wuƙa.
Lurdes ta ce, "Yau har faranti ci ake yi."
Ta yo loma ta kai bakina a gaban jama'a.
Na ji kunya. Na haɗiye da kunyar.

Biyetnam romo ce zalla.
Tururi ya rufe mata tabarau,
tana kamun taliya da tsinke biyu,
ta kama, ta suɓuce, ta kama, ta suɓuce,
har yaron ya tausaya ya kawo cokali mai yatsu.
Ta ƙi.
Sai da suka fara kife kujeru muka tashi.

Peru ba ta yi mini ba.
Ɗanyen kifi a ruwan lemon tsami,
wai tsamin ne ya dafa shi.
Na ce a gidan ubana wuta ke dafuwa.
Muka yi ta cacar baki har tasha, a kan kifi,
alhali ba kifin ba ne.
Takardar likita ce a jakarta,
kwana huɗu tana yawo da ita kamar garwashi.

A Koriya barkono ya sa ta hawaye,
ta ji daɗin samun hujja.
A Labanan gefen gurasa ta tsakura.
Indiya a leda na kawo mata gida,
ta shinshina, ta ce ta ƙoshi.

Yatsanta na ƙarshe Jojiya ya faɗa.
Ba ta Amurka ba, ɗayar, mai duwatsu.
Wata goma sha huɗu ina buɗe firji
ina kauce wa wurin da ido.

Yau na je.
Ƙanƙara ta jiƙa mini safa tun daga kwana.
Wata mai suna Ketevan a ƙirjin riga ta ce, "Mutum nawa?"
Bakina ya riga ni: "Biyu."
Ta jera faranti biyu. Ban gyara ba.

Ta kawo ƙullin fulawa goma, kowanne da nama a ciki,
an tsuke bakinsa kamar jakar kuɗin tsohuwa.
Ta ce kama ta ƙullin, ka ciza kaɗan,
ka fara zuƙe romon.
Ƙullin ba a ci,
ajiyewa ake a gefe don a san nawa mutum ya tashi da su.

Romo ya bi mini hannun riga har gwiwar hannu.
Da tana nan da ta yi dariya har ta ƙware.
Na ci, na ajiye ɗaya a nawa.
Na ci, na ajiye ɗaya a nata.
Daga baya na yi zalama, kamar yadda na saba.

Ketevan ta zo kwashe kaya.
Ta dubi kujerar, ta dubi rigar sanyina ita kaɗai a rataye,
ta ƙirga da ido: shida, huɗu.
Ta ce, "Ta yi ƙoƙari, a zuwan farko."
Shayi ma biyu ta kawo,
ɗaya ta sa a lissafi.

Na dawo gida ban kunna fitila ba.
Na tsaya gaban firji, na rufe ido, na dangwala.
Teku.
Firji na ta gurnani, babu mai cewa komai.
Na daɗe a tsaye, yatsa a ruwa,
kafin na ce wa kaina, "Armindo, a sake."